Hannun Kawu Ya Yi Rawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu ranar Litinin da hantsi a gidansa na Karaye, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Allah ya ji ƙansa, ya yafe masa. Na fara da wannan ne saboda abin da zai biyo baya ba duka yabo ba ne, kuma ba na so a ce yarinyar da ya riƙa ta zo tana cin namansa bayan ƙasa ta rufe masa ido.

Tun ranar farko masu gaisuwa suka fara ba ni haushi. Muna zaune a tsakar gida, tabarmi har bakin rijiya, mata daga Rogo, daga Falgore, daga Tudun Kaya inda gonarsa take. Wata ta ce, “Allah sarki, mutum mai sanyin hali, ko ɗaga murya bai iya ba.” Wai Kawu. Mutumin da in yana faɗa a zaure sai awakin maƙwabta su bar cin dusa. Amma duk tsakar gidan aka amsa, “Haka ne.” Wata ta ce bai taɓa sa-in-sa da kowa ba. Na dubi Inna, mahaifiyata, ƙanwarsa da suka yi shekara sittin suna sa-in-sa, sai na ga ta sunkuyar da kai ta ce, “Haka ne.”

Can sai wata dattijuwa daga Rogo ta share hawaye ta ce, “Ni abin da nake tunawa hannun nan nasa. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa rawa ba.” Aka ce haka ne. Kuma wallahi na ji bakina, nawa na kaina, ya bi sahu ya ce haka ne. Na tashi na shiga ɗakin Gwaggo, matarsa, na zauna a bakin gado ina jin kamar in mari kaina.

Duk duniya babu kalmar da Kawu ya tsana kamar “haka ne”.

Likitan tiyata ne. Ya yi aikinsa a birni har ya yi ritaya, ya dawo gida ya ce noman gyaɗa zai yi. Bai cika wata uku ba ya fara zuwa wani ƙaramin asibiti a yankinmu, wai leƙawa kawai. Leƙawar ta zama duk ranar Talata yana koyar da ƙananan likitoci da nas-nas na ɗakin tiyata, ranar Alhamis kuma yana yi wa mutane aiki. Ni ma a can nake aiki. Shi ya ɗauke ni daga hannun Inna ina 'yar shekara bakwai, shi ya tsaya a kaina har na zama likita. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai “Uwata”. Ko a gaban ɗalibai haka yake kirana, ya ce, “Uwata, wannan ɗinkin naki ko buhun gyaɗa ba zan yarda a yi wa ba.”

Yana da karin maganar da yake gaba da ita: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya ce a fada ko a gona wataƙila, amma a ɗakin tiyata babba yana sunkuye ne da kansa cikin cikin mutum, yaron da ke tsaye a gefe shi ke ganin komai. Sau ɗaya tak ya gaya mini dalili. Yana sabon likita, maigidansa a wurin aiki ya yi wa wani manomi tiyata. Kawu yana ƙirga ƙyallayen da ake tsane jini da su, ya san sarai ɗaya bai fito ba. Ya buɗe baki, ya dubi furfurar maigidan, ya rufe. Aka ɗinke mutumin da ƙyalle a ciki. Bai yi mini dogon bayanin yadda aka ƙare ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ce kawai, “Kunya ce ta kashe shi, Uwata, kuma kunyar tawa ce.”

Shi ya sa ajinsa ya zama abin da ya zama. Ya lura in ya yi tambaya ya ce a ɗaga hannu, kowa sai ya saci kallon babban likitan da ke gaba, in ya ɗaga a ɗaga. Nas kuwa ko ta san amsa ba za ta saɓa wa likita a bainar jama'a ba. Sai ya zo da ƙwarya da mayafin Gwaggo. Kowa a ba shi ƙwayar gyaɗa ɗaya da ƙwayar masara ɗaya: gyaɗa “e”, masara “a'a”. Ka zura hannu ƙarƙashin mayafi ka saki ɗaya, ba wanda ya gani. Dabara ce mai kyau, sai dai tambaya ɗaya tana cin kwata na awa, kuma ɗalibai suna cinye ƙuri'unsu. Akwai ranar da ya juye ƙwarya ya ga masara zalla, ya fara murna wai yau kowa ya gane, sai ya ga bakuna suna motsi. Ya yi ta faɗa har ladan ya kira azahar.

Ni na kawo rimot. Na je wani kwas a birni na ga yadda suke yi: kowane ɗalibi da 'yar na'ura a hannu kamar rimot ɗin talabijin, mai madannai huɗu. Majigi ya haska tambaya a bango, misali mutum ya zo da ciwon ciki a gefen dama da zazzaɓi, me za a fara yi, ɗaya ko biyu ko uku ko huɗu. Kowa ya danna, nan take sanduna su miƙe a bango, kowace amsa da tsawon sandarta gwargwadon waɗanda suka zaɓe ta. Na samo guda goma sha biyu, na kawo da ɗokina, ina cewa karen bana shi ke maganin zomon bana.

Kawu ya juya rimot ɗaya a hannunsa ya ce, “Ƙwaryata ba ta shan mai.” Ranar kuwa kamar da gayya aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi. Sati biyu yana ba mutane labari, har mai gyaran tayar bakin tasha sai da ya ji.

Da abin ya yi aiki kuma, sai ya tsare ni da tambaya. “Lambar da ke bayan kowane rimot fa, ta mece ce?” Na ce ta shaida ce kawai. “Kwamfutar taki ta san lamba nawa ya danna me?” Na ce ta sani, amma ni ba na dubawa. Ya ce, “Yau ba kya dubawa.” Talata mai zuwa sai ga shi da ƙwaryar nan da mayafin. Ya juye rimot ɗina duka a ciki, kayan da nake lallaɓawa a akwati mai soso, ya girgiza su kamar mai tankaɗe, ya ce kowa ya zura hannu ya ɗauki wanda Allah ya ba shi. Na ce Kawu za su lalace. Ya ce gara su lalace da a san mai gaskiya. Haka aka ci gaba da yi, kuma ni ma dole in ɗauki ɗaya in danna, don ya ce mai riƙe da kwamfuta ba ta fi ƙarfin kuskure ba.

Daga nan ya kamu da son abin fiye da kima. Ya ari akwatin ya kai gida wai a zaɓi irin gyaɗar da za a shuka a Tudun Kaya. Gwaggo ta ce shekara arba'in bai taɓa tambayarta ko gishiri ya ji ba, sai yanzu da zai tambaye ta da rimot. Ta ɓoye masa akwatin a rumbu, na yi kwana biyu ina nema.

Mugun halinsa a aji shi ne tarko. Zai karanta tambaya, ya gyara tabarau, ya ce da muryar nan tasa, “Wannan ai a bayyane take, ni dai uku zan ce, amma ku danna.” Alhali uku kuskure ce, kuma ya sani. Sandar uku ta miƙe har rufi. Sai ya zauna ya dafe kai. “Babu wanda ya gan ku. Babu wanda zai san ku. Ƙwarya ta rufa muku asiri, mayafi ya rufa, amma duk da haka kuka bi ni cikin rami. To ni na ce, sai me? Wahayi ake yi mini?” Mu kuma muna zaune muna jin haushi, don ba ka san ranar da yake gaskiya da ranar da yake gwada ka ba. Na taɓa ce masa wannan ba koyarwa ba ce, cin zali ne. Ya ce mara lafiya ma ba ya sanar da kai ranar da zai yaudare ka.

Amma in 'yar guntuwar sanda ta fito ita kaɗai a gefe, mutum ɗaya ya saɓa wa kowa, sai fuskarsa ta saki. Ya nuna ta da sandar raken da yake nuni da ita ya ce, “Wannan shi ne ɗana.” Ba ya taɓa neman sanin ko waye. Ko amsar ba daidai ba ce, zai tsaya ya yi mata lauya, ya faɗi abin da zai sa mai hankali ya zaɓe ta, sannan ya nuna inda ta kauce. Wata rana irin wannan guntuwar sandar ta sa ya sake duba wata mata daga Falgore da duk muka yarda a sallame ta, aka tarar hanjinta ne ya murɗe. Kowa ya zargi Sista, babbar nas ɗin ɗakin tiyata, da wannan ƙuri'ar. Wani likita ya fara cewa, “Ai na san Sista ce,” Kawu ya katse shi ya ce duk wanda ya sake farautar mai ƙuri'a ya bar masa aji. Sista ta ci gaba da kallon bango kamar ba da ita ake ba.

Sannan hannun ya fara.

Ni na fara gani, a gida, shayi yana zuba a kan faranti. Na ce sanyi ne. Sai na gani a ɗakin tiyata: allura ta je bakin fata ta tsaya tana karkarwa, ɗinkin da yake yi da bugu ɗaya sai ya yi uku. Sista ta gani, don na ga ta fara miƙa masa kayan aiki tana riƙewa har sai ta tabbata ya kama. Mai ba da maganin barci ya gani. Duk mun gani, muka yi wata huɗu muna gani. A bayan ido muna cewa ya kamata wani ya yi masa magana, kuma kowa in ya faɗi haka ni yake kallo. Ni kuwa ina cewa gobe. Mutumin da ya koya mini riƙe wuƙa, ta ina zan fara ce masa ya ajiye tasa?

Ana cikin haka wata mata ta zo daga Jajaye da maƙoƙo, ya girma har in ta kwanta numfashi yana yi mata wuya. Aikin wuya ba wurin rawar hannu ba ne. Jijiyoyin jini suna nan, jijiyar murya tana nan siririya, kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar gero ba sai mutum ya rasa murya ko ya rasa rai. Ita kuma ta ce Kawu ta zo wa, don shi ya yi wa mijinta aiki shekarun baya. Aka sa ta ranar Alhamis. Daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi, amma bakina bai buɗe ba.

Ranar Talata muna aji, mu goma sha ɗaya har da ni. Aka zagaya da ƙwarya kowa ya ɗauka. Muka yi tambayoyi a kan maƙoƙo, har na ce shi ke nan an gama. Kawu ya ce saura ɗaya, ba ta cikin kwamfuta, da baki zai faɗa. Ya miƙe, hannayensa cikin aljihun farar rigarsa.

“Matar Jajaye, ranar Alhamis. Wa ya kamata ya riƙe wuƙa? Ɗaya, ni. Biyu, wani ba ni ba. Yau ba zan gaya muku ra'ayina ba. Ku danna.”

Kowa ya sunkuya kan rimot ɗinsa. Babu mai ganina. Lambar rimot ɗin da ke hannuna ni kaina ban duba ba. Duk abin da ya gina na shekaru, ƙwarya da mayafi da faɗa, don wannan daƙiƙar ya gina shi. Na sa yatsa a kan biyu. Na ɗago na ga ƙeyarsa, da hular da na wanke masa ranar Asabar. Na danna ɗaya.

Sanduna suka fito. Ta ɗaya doguwa, ta biyu 'yar guntuwa, mutum ɗaya. Na ji ɗakin ya sauke numfashi, kowa yana godiya a ransa da aka samu wani mai ƙarfin hali ba shi ba. Wasu suka saci kallon Sista. Kawu ya daɗe yana duban bango, sannan ya ce, “Wannan shi ne ɗana.” Ya ce maganar ɗansa zai bi. “Uwata za ta yi aikin, ni zan tsaya a gefe in sa mata ido.”

Ni kaɗai nake ganin fuskar kwamfutar. A kusurwa tana nuna yawan waɗanda suka danna, kuma ta nuna goma sha biyu. Na ƙirga mu, goma sha ɗaya. Na leƙa ƙwarya, inda ya kamata rimot ɗaya ya rage, babu komai sai mayafi. Na dubi aljihun farar rigarsa. Shi ya danna biyun da kansa. Mu goma sha ɗaya, har da Sista, har da ni, duk mun ce ya yanka wuyan matar nan da hannun da muka san yana rawa.

Da la'asar na ɗauko shi a mota zuwa gida. Mun wuce gonakin gyaɗa, sai na taka burki na tsaya a gefen hanya, don haushi ya hana ni ganin gabana.

“Kawu, tunda ka san abin da za ka yi, me ya sa ka tambaye mu? Don ka kunyata mu?”

“Kin ƙirga ke nan.”

“Na ƙirga.”

“To madalla, ko ba komai kin iya ƙirga.” Ya zaro rimot ɗin daga aljihu ya ajiye a gaban mota, hannunsa yana ta karkarwa kafin ya sake shi. “Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hannuna na san shi tun kafin ku gani. Bakinku nake so in sani. Na ce ko mutum biyu za mu zama.”

Na ce ai ya san nauyinsa muke ji, ya san ba za mu iya ba. Na ce shi ma ya yi wata huɗu yana yanka mutane da hannun, me ya hana shi dainawa tun farko? Ban taɓa yi masa magana da irin wannan muryar ba.

Ya ce, “Wannan tambayar ita nake jira wata huɗu. Ina ta ce wa kaina, in da ya yi muni da Uwata ta faɗa. Laifina ne, ban ce ba nawa ba ne. Amma wadda kike ɗauke da sunanta, da ta ga shayi ya zuba sau ɗaya, a ranar za ta karɓe wuƙar.” Ya juya yana kallon gona. “Ja mota, magariba za ta yi mana a hanya.”

Na yi aikin ranar Alhamis, aka tashi lafiya. Yana tsaye a kafaɗata daga farko har ƙarshe yana kushe ɗinkina. Bai sake riƙe wuƙa ba, amma ya yi shekara biyu yana zuwa ajin Talata da ƙwaryarsa, yana ɗana mana tarko, muna faɗawa. Maganar ƙuri'ar nan kuwa ba mu sake tayar da ita ba. Sau da yawa na shirya in ce masa, Kawu, yatsana ya hau biyu kafin in sauya. Sai in ga wannan ba abin faɗa ba ne, kare kai ne kawai. Na ci gaba da cewa gobe har ranar Litinin ɗin nan.

Ranar sadakar uku gidan ya sake cika. Ana raba gumba, dattijuwar Rogo ta dawo da ƙawayenta, ta sake ɗauko zancenta don waɗanda ba su ji ba. “Hannun nan, har ya koma ga Allah bai taɓa rawa ba.” Na ji tsakar gida ta ja numfashi za ta amsa.

Na ce, “A'a, Hajiya. Ya yi rawa.”

Ludayin da ke hannun Inna ya tsaya. Wata gwaggonmu ta ce, “Ke, gidan makoki ne fa.” Na ce na sani. Na ce ya yi rawa wata huɗu muna kallo, mu da ya koyar, babu wanda ya iya gaya masa, har ya gaji ya gaya wa kansa. Sai da na kai ƙarshen maganar.

Sai wata mata da ke zaune can kusa da rumbu ta sassauta mayafinta. Ban gane ta ba sai da na ga siririn tabon a wuyanta, ɗinkina. Ta ce, “Ya yi rawa mana. Ana gobe za a yi mini aiki ya zo bakin gadona ya miƙa hannun ya ce in duba. Ya ce, ‘Kin ga wannan? Ba zan sa shi a wuyanki ba. Uwata za ta yi, ta fi ni yanzu, amma kada ki gaya mata, kanta zai kumbura.’”

Gwaggo ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Babu wadda ta ce haka ne.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, mai faɗa, mai taurin kai, mai ɗana wa mutane tarko. Ka yafe masa wata huɗun nan, ka yafe masa ƙyallen da ya yi shiru a kansa yana yaro, ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Kawu, ka ce ko mutum biyu za ku zama. Ga ta biyun nan na danna, ta makara da shekara biyu da kwana uku.